Darasin Kai Tsaye da Darasin Ajiya: Karatun Sakandare ta Intanet a Gadarif

Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi hanyoyi biyu na karantar da ɗaliban sakandare ta intanet, da yadda kowacce takan kasance idan aka kai ta wuri irin Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan. A hanya ta farko, malami da ɗalibai sukan haɗu a lokaci guda, kowa daga inda yake. Malami na magana, ɗalibai na ji, mai tambaya ya yi tambaya a ba shi amsa nan take. A hanya ta biyu kuwa, malami yakan shirya darasin tun da wuri, ya naɗe shi da murya ko da hoto, ko ya rubuta shi, a ajiye. Ɗalibi sai ya ɗauka lokacin da ya sami sarari, ya tsaya inda ya ga dama, ya koma baya idan bai gane ba.

Hanya ta farko ba ta da wuyar suna, domin gidajen rediyo sun daɗe da sabar wa masu sauraro da kalmomin "kai tsaye", wato shirin da ake ji a daidai lokacin da ake yin sa. Ta biyu ce ke buƙatar a laƙaba mata suna. Ana iya kiranta "karatun ganin dama", sai dai wannan suna yana da ƙanshin sakaci, kamar dai an riga an yanke mata hukunci tun kafin a saurare ta. Saboda haka a nan za a kira ta "darasin ajiya", kamar yadda ake cewa kuɗin ajiya ko hatsin ajiya: abin da aka tanada domin a ɗebo lokacin bukata.

Gadarif da Hausawanta

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa takardar koyon Hausa da wani gari na Sudan da ke kusa da iyakar Habasha. Amsar ita ce hanyar Makka. Shekaru aru-aru mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno suna ratsa Sudan a ƙasa, suna tsayawa su yi noma ko sana'a su tara guzuri, kuma da yawa daga cikinsu tsayawar ta zame masu zama. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa sun shiga cikin masu aikin. Haka kuma da aka soma noman rani da damina a wasu yankuna, musamman noman damina da injuna da aka fara a ƙasar Gadarif cikin shekarun 1940, sun bi aikin zuwa can. Mutanen Sudan sukan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su duka Fallata. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar waɗannan mutane ta yi ta ɗaukar kalmomi da salo daga Larabcin Sudan.

Gadarif ƙasar dawa da riɗi ce. Ƙasarta baƙa ce mai danƙo, gonakinta manya, kuma kasuwar amfanin gonarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar. Wannan bayani yana da amfani a nan, domin kamar yadda za a gani, kalandar noma tana da ta cewa a kan wace hanyar karatu za ta yiwu.

Tsarin makaranta a Sudan yana ƙarewa da shekara 3 na sakandare, sannan a zauna jarrabawar ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira shahadar Sudan. Da Larabci ake karantarwa, da shi ake jarrabawa, kuma makin da ɗalibi ya samu shi ke nuna ko zai shiga jami'a da kuma fannin da zai karanta. Ga iyalin da kakanninsu suka zo a matsayin baƙi masu aikin gona, wannan takarda tana da nauyin da ya wuce na maki.

Yadda aji ya rufe

Ran 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Makarantu suka rufe, jarrabawar da aka shirya yi a wannan shekara ba ta yiwu ba. A watan Oktoba na 2023, hukumar UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka bayyana cewa yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma kimanin miliyan 7 daga cikinsu dama ba sa zuwa tun kafin yaƙin.

Birnin Gadarif bai faɗa hannun RSF ba, amma bai tsira daga nauyin yaƙin ba. Tun a ƙarshen 2020 jihar ta karɓi 'yan gudun hijira daga yankin Tigray na Habasha, a sansanin Um Rakuba da wasunsa. Sai ga mutanen Hartum a 2023. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara, wasu dubbai suka kwararo, haka kuma da aka kama Sinja a watan Yuni na 2024. Wurin da ya fi sauƙin saukar da baƙi a kowane gari shi ne makaranta, domin tana da ɗakuna da katanga da bayi. Sai ajujuwa suka zama ɗakunan kwana. Buɗe makaranta kuma ya zama yana nufin a fara nemo inda za a kai waɗanda ke cikinta.

A irin wannan hali ne maganar karatu ta waya take tasowa. Ya kamata a lura da bambancinsa da halin da ƙasashe masu arziki suka shiga a 2020, lokacin annobar korona. Can an rufe makarantu, amma gidaje suna nan, wuta tana nan, malamai suna karɓar albashi. A Sudan malamin kansa yana iya zama ɗan gudun hijira a Kassala ko a Masar, kuma malamai da yawa sun yi watanni ba su ga albashi ba.

Abin da darasin kai tsaye ke nema

Darasin kai tsaye shi ya fi kama da aji, shi ya sa iyaye da malamai suka fi saurin yarda da shi. Yana da amfani uku da ba a musu. Yana ɗaure ɗalibi da lokaci, ta yadda ya san ƙarfe tara akwai lissafi. Yana ba malami damar gane inda aka ɓace, ko daga tambaya ko daga shirun da ya yi yawa. Kuma yana tuna wa yaron da ya rabu da unguwarsa cewa abokan karatunsa suna raye, abin da ba ƙaramin magani ba ne ga wanda ya ga yaƙi.

Amma kafin wannan ya samu, dole abubuwa huɗu su haɗu a sa'a guda, kuma a wajen kowane ɗalibi: waya, caji, layi mai ƙarfi, da ɗalibin kansa. In ɗaya ya ɓace, darasin ya wuce ke nan, kamar motar kasuwa.

A fara da layi. Kamfanin Zoom yana nuna cewa hoto mai ɗan kyau yana buƙatar kimanin kilobit 600 a kowace daƙiƙa. Idan aka lissafa, wannan ya kama kimanin megabait 270 a sa'a guda, kuma na karɓa kaɗai ke nan, ban da abin da wayar ɗalibi ke aikawa. Darasi 5 a rana, kowanne na minti 40, ya zama megabait 900. A wata mai ranakun karatu 22, ana maganar kusan gigabait 20 ga ɗalibi guda. Gidan da ke da 'yan sakandare uku a aji dabam-dabam sai ya ninka, ya kuma nemo waya uku. Saƙon murya kuwa irin na WhatsApp, na minti 10, bai cika wuce megabait 2 ba. Wato darussan yini guda da murya ba za su kai megabait 50 ba. Tazarar tana da yawa ƙwarai, musamman a lokacin da darajar fam ɗin Sudan ta faɗi, kuma kuɗin da za a sayi data da shi shi ne na garin dawa.

Ko da an sami kuɗin, layin kansa ba shi da tabbas. An katse intanet na wayoyi a Sudan sama da wata guda daga farkon watan Yuni na 2019, aka sake katsewa na makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. A watan Fabrairu na 2024 manyan kamfanonin sadarwa uku na ƙasar, Zain da MTN da Sudani, duk suka ɗauke kusan lokaci guda, har aikewa da kuɗi ta manhajar Bankak, wadda mutane suka dogara da ita a cikin yaƙin, ya tsaya cik. Sannan a watan Yuli na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasar ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp bisa dalilin tsaro, ta bar saƙonni suna tafiya. Wannan mataki na ƙarshe abin lura ne ga mai nazarin hanyoyin nan biyu, domin ya rufe ƙofar kai tsaye a manhajar da kowa ya sani, ya bar ta ajiya a buɗe.

Wuta ma haka. A 2025 jirage marasa matuƙa sun sha kai hari a tashoshin lantarki, har da na madatsar Merowe, kuma jihohi da dama sun yi kwanaki cikin duhu. Ana iya kai waya shagon caji mai amfani da hasken rana, amma wayar da ke wurin caji ƙarfe tara ba ta cikin aji.

Sai ɗalibin kansa. Riɗi ba ya jira. Idan ya nuna, kwanaki kaɗan ne tsakanin yanka da asara, domin kwansonsa yakan fashe ya zubar da ƙwayar a ƙasa. Saboda haka a lokacin kakar riɗi, wajen watan Oktoba, kowane hannu yana da kuɗi a Gadarif, bayansa kuma ga yankan dawa. Saurayi mai shekara 17 wanda gidansu ya cika da dangi 'yan gudun hijira ba zai zauna gaban waya ba alhali ana neman masu yanka. Yarinya kuma, ko ba kaka ba, safiyarta ta ɗiban ruwa ce da girki, ga shi a gidaje da yawa wayar da ke iya buɗe bidiyo ɗaya ce, tana aljihun mai gida, shi kuwa yana kasuwa har la'asar. Jadawalin makaranta na yau da kullum yana da wannan matsala shi ma, amma a can ginin makaranta yakan ƙwace yaro daga aikin gida na wasu sa'o'i, kowa kuma ya yarda. Waya ba ta da wannan kwarjini. Yarinyar da ke tsakar gida riƙe da waya, a idon uwarta tana gida, ana iya aikenta.

Darasin ajiya da inda yake yoyo

Duk waɗannan matsaloli darasin ajiya yana kauce masu. A sauke shi sau ɗaya lokacin da layi ya zo, ko da tsakar dare ne, a tura wa maƙwabci daga waya zuwa waya ba tare da data ba, ko a zuba shi a katin memori. Mai yankan riɗi ya saurara bayan isha'i. Wadda aka aika ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Malamin da ke Alƙahira ya karantar da ɗalibin da ke Gadarif ba tare da sun daidaita agogo ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Gadarif. Tsakanin 2014 da 2015 ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan, tare da ma'aikatar ilimi ta Sudan da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman, ta gwada wani shiri a ƙauyukan da ba su da makaranta a jihohi uku, Gadarif na cikinsu. An ba yara ƙananan kwamfutocin hannu da ake cajinsu da hasken rana, a ciki akwai wasan koyon lissafi da aka gina bisa manhajar karatu ta ƙasar, kowane yaro yana tafiya gwargwadon saurinsa. Gwajin ya nuna yaran sun ƙaru a lissafi, kuma shirin ya girma ya zama wanda ake kira Can't Wait to Learn, aka kai shi wasu ƙasashe. Daga baya, a 2021, UNICEF da ma'aikatar ilimi suka ƙaddamar da dandalin Learning Passport a Sudan, wanda shi ma darussan ajiya ne, ana kuma iya amfani da shi ko babu layi. Nijeriya ta ƙaddamar da nata a 2022.

Akwai wani abu game da gwajin ƙauyukan nan da masu yabonsa sukan tsallake. Ba a miƙa wa yara na'ura aka ce su tafi gida ba. Sukan taru a wuri guda, a lokacin da aka sa, ƙarƙashin kulawar wani babba daga ƙauyen wanda aka ba ɗan horo. Shi ba malamin lissafi ba ne, aikinsa ya buɗe wurin, ya raba na'urori, ya ga kowa ya zauna. Saurin karatu na yaro ne, amma lokacin zuwa da idon mai lura ba a bar masa su ba.

Inda aka cire wannan ido, sakamakon yakan zama dabam. Wasu masu bincike biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, sun duba darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka ajiye a intanet, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2019. A zangon 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne suka kai ƙarshe. Galibinsu kuwa manya ne masu ilimi, da kansu suka zaɓi darasin, babu wanda ya tilasta masu. To, ina ga ɗan shekara 15 da ke kwana a ɗaki guda da mutum goma?

Wani bincike da aka yi a Botswana a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, ya fi kusa da halin da ake magana a kai. Noam Angrist da abokan aikinsa sun raba gidaje kashi uku. Kashi ɗaya ba a yi masu komai ba. Kashi na biyu ana aika masu da aikin lissafi ta gajeren saƙo kowane mako. Kashi na uku ana aika masu da saƙon, sannan a kira su a waya na kimanin minti 20 a mako, a bi aikin tare da yaron. Waɗanda aka haɗa wa saƙo da kira su ne karatunsu ya ƙaru a fili. Saƙon shi kaɗai bai bar wani tasiri mai ƙarfi ba. 'Yan firamare ne aka yi binciken a kansu, kuma Botswana ba ta cikin yaƙi, don haka ba a ɗauke shi a ɗora wa Gadarif kai tsaye. Amma abin da ya nuna yana da sauƙin fahimta: minti 20 na muryar mutum, a kan wayar da ko hoto ba ta nunawa, ya sa abin da aka ajiye ya yi aiki.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Masu muhawara a kan hanyoyin nan biyu sukan haɗa tambayoyi biyu su mai da su ɗaya. Tambaya ta farko: shin dole kowa ya kasance a shafi guda a lokaci guda? Ta biyu: shin akwai wanda zai saurari ɗalibi ya gyara masa? Ajin boko ya amsa duka biyun da "i", har aka ɗauka ba sa rabuwa. Bahaushen da ya yi makarantar allo, ko ɗan Sudan da ya yi halwa, wadda ita ce takwararta a can, ya san suna rabuwa.

A makarantar allo, yara talatin suna zaune gaban malami guda, amma da wuya a sami biyu a aya ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya kai izu goma, gardi na can gefe yana tilawa. Kowa da allonsa, kowa da saurinsa. Wanda ya yi tafiya ko ya yi jinya ya dawo, ba a ce masa aji ya wuce shi, sai ya ɗauki allonsa ya ci gaba. Ta wannan fuska, allo darasin ajiya ne tsantsa. Amma ba wanda ke wanke allonsa don ya ga dama. Sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa, ya gyara wasali, ya ce a wanke, sannan a yi masa ƙari. Biyawar nan ba ta wuce 'yan mintoci, amma ita ce ƙashin bayan tsarin duka. Kuma in almajirai sun yi yawa, manyansu ne ke biya wa ƙanana, malam yana lura.

Idan aka dubi gwajin ƙauyukan Gadarif da na Botswana da wannan ido, za a ga abu ɗaya suka gano. Sashen darasi da ya ƙunshi bayani, wato malami na faɗa ɗalibi na ji, ba ya asarar komai in an naɗe shi, yana ma ƙaruwa, tunda ana iya maimaita shi. Shi ne kuma sashen da ya fi cin data in an yi shi kai tsaye. Sashen biyawa kuwa ba ya naɗuwa, amma gajere ne, kuma ba ya buƙatar hoto. Makarantar da ta kwashe kuɗin ɗalibanta wajen watsa laccar minti 40 kai tsaye, inda malami ke magana shi kaɗai ɗalibai sun kashe makirfo, ta biya kuɗin kai tsaye ne ta karɓi darasin ajiya, wanda kuma ba a ajiye ba. Wannan kuskure ya yawaita a ƙasashe da dama a 2020, kuma ba rashin kuɗi ya jawo shi ba.

Ba a ce komai na makarantar allo ya dace da sakandare ba. Hadda dabam, warware lissafi ko rubuta insha'i dabam. Mai sauraron hadda yana buƙatar ya san nassin kawai, amma mai duba aikin kimiyyar sinadarai sai ya san inda tunanin ɗalibi ya karkace. Dattijon unguwa zai iya tabbatar da cewa yaro ya zauna, ba zai iya gaya masa dalilin da amsarsa ta zama kuskure ba. A nan ne yaƙin ya zo da wani abu da ba a zata ba: cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa garuruwan gabas akwai malamai da ɗaliban jami'o'in Hartum da Jazira da karatunsu ya tsaya. Su ne gardawan wannan makaranta, in an nemi su yi.

Batun harshe

Ɗan Hausawan Gadarif yakan tashi da Hausa a cikin gida, Larabcin Sudan a titi da kasuwa, sannan Larabcin littafi a makaranta, ga Ingilishi a matsayin darasi. Wasu gidajen ma Larabcin ya riga ya rinjayi Hausar. Ga wanda Larabcin littafi ke yi wa nauyi, darasin ajiya yana da wata rahama da aji ba shi da ita: zai mai da jimla baya sau biyar ba tare da wani ya yi masa dariya ba. Kuma babu abin da ya hana wani yayansa ya naɗa masa bayanin wuri mai wuya da Hausa, na minti 3, ya tura masa. A cikin ajin gwamnati wannan ba zai yiwu ba.

Ɗaliban da ke koyon Hausa a jami'a sun san ɗaya gefen maganar daga jikinsu. Kaset ko naɗaɗɗiyar murya tana koya wa kunne bambancin "gari" na zama da "gari" na tuwo, wanda ke ga tsawon wasali, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, wanda ke ga karin sauti. Amma ɗalibi yana iya saurara sau ɗari, ya tabbata a ransa ya iya, sai ranar da ya buɗe baki gaban Bahaushe ya ga an yi murmushi. Kunnen mutum ba ya jin kuskuren bakinsa. Haka abin yake ga ɗan sakandaren Gadarif da Ingilishinsa, haka kuma da lissafinsa, in aka ɗauki alƙalami a matsayin baki.

Ranar da ba ta ɗaguwa don kowa

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A makarantar allo daɗewar ba laifi ba ce, domin sauka ba ta da ranar da aka yanka wa kowa. Wani ya sauke a shekara 4, wani a 8. A nan ne kwatancen ya tsaya. Ɗan sakandare yana da rana, kuma ba shi ya sa ta ba.

Ɗaliban da ya kamata su zauna shahadar Sudan a tsakiyar 2023 sai ran 28 ga Disamba, 2024 suka fara ta, bayan jinkirin shekara ɗaya da rabi. An yi ta a jihohin da ke hannun sojoji da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje, kuma ɗalibai masu yawa a Darfur da sauran wuraren da RSF ke riƙe da su ba su sami zama ba. Rukunin da ke biye da su ya zauna tasa a tsakiyar 2025. Wanda ya shafe watannin jiran yana cewa gobe zai buɗe darasin da ke ajiye a wayarsa, sanarwar ranar ta same shi da manhajar shekara guda a gabansa da makonni kaɗan a hannunsa. Saboda haka a matakin sakandare 'yancin da darasin ajiya ke bayarwa na cikin mako ne: ɗalibi ya zaɓi ko da asuba zai yi ko da dare, ko Lahadi ko Talata. Abin da za a gama kafin ƙarshen mako kuwa, sai wani ya yanka masa, kuma ya zo ya tambaya.

Jarrabawar kanta ba ta san waya ba. Ana yin ta a zaure, da takarda da alƙalami, kowa ya fara tare ya ajiye tare. Ɗalibin da ya saba da tsayar da malami da ɗan yatsa, ya je ya sha ruwa ya dawo, yana bukatar ya gwada zaman sa'o'i yana rubutu da agogo a gabansa tun kafin ranar, ko da a ƙarƙashin bishiya ne tare da 'yan unguwarsu biyar da wani mai riƙe masu lokaci. A 2020 da 2021 da 2022, domin hana satar amsa, hukumomin Sudan sun riƙa katse intanet na wayoyi a faɗin ƙasar na kimanin sa'a 3 kowace safiya, har aka gama jarrabawar.